Alherin Allah kyauta ne, amma kuɗɗin mai shago fa?

Yau maganata da ƴan'uwana Kirista take, amma a fili zan yi ta, don abin da zan taɓo ba sirrin cikin majami'a ba ne. Mai shagon unguwa ya san shi, tela ya san shi, uwar adashi kuwa ta fi kowa saninsa. Maƙwabtanmu Musulmi ku ma ku gyara zama, ba za ku rasa abin ɗauka ba, tunda bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Akwai kalma guda da ba a tashi sujada ran Lahadi ba a ambace ta ba, ita ce alheri. Ga wanda bai san koyarwarmu ba, abin da muke nufi shi ne ceto ba a sayen shi. Ba ladar aiki ba ne, ba kuma gadon gida ba ne, Allah ne ya ba da shi kyauta ta wurin Yesu Almasihu ga mutumin da bai cancanta ba. Nan ne ginshiƙin bangaskiyarmu, kuma ban zo in rage masa ko ƙwaya ba. Damuwata ita ce abin da wasunmu suke yi da kyautar bayan sun karɓa.

Hausawa suna cewa alheri gadon barci ne, wato wanda ya yi wa mutane kirki zai kwanta hankalinsa kwance. To wasu cikinmu sun ɗauki karin maganar a baibai. Sun shimfiɗa tabarma bisa alherin Allah, sun ja bargo, har da minshari. Mutum ya karɓi shinkafa da mai a shago tun Ista, ga shi ana shirin Kirsimeti bai biya ba, ya ma sake hanyar zuwa gida don kada su haɗa ido da mai kaya. Wata ta kwashi adashi zubin farko, daga nan wayarta ta daina shiga. Wani ya sa magini aiki, gini ya tashi, an yi addu'ar shiga gida da abinci da waƙoƙi, magini yana can yana zarya. In ka yi musu magana sai ka ji: "Ai mu ba a ƙarƙashin shari'a muke ba, a ƙarƙashin alheri muke." Ko kuma: "Allah ya san zuciyata." Lalle ya sani. Mai shago ma ya san abin da ke cikin littafinsa.

Wannan cuta ba a Nijar ta fara ba. Manzo Bulus da kansa, wanda ya fi kowa wa'azin alheri, ya hango ta. A wasiƙar da ya aika wa masu bi na birnin Roma wajen shekara ta 57, a sura ta 6, shi ya ɗora tambayar da bakinsa, ko mutum zai ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, kuma ya kore ta nan take ba tare da wani kwana-kwana ba. A Afisawa sura ta 2, yaranmu na makarantar Lahadi sun haddace aya ta 8 da ta 9, masu cewa ceto kyauta ne, kada kowa ya yi fahariya. Sai a rufe littafi a tafa. Aya ta 10 tana nan manne da su, tana bayyana cewa an ceci mutum ne domin ya yi ayyukan kirki da Allah ya riga ya shirya masa. Ita ba a cika haddace ta ba, kuma ina ganin na san dalili.

Labarin da ya fi warware mini wagga magana shi ne na Zakka, a Luka sura ta 19. Mun saba ba yara shi don gajere ne ya hau itace, ana dariya a wuce. Amma labarin manya ne, kuma labarin kuɗɗi ne. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, zamanin da Romawa suke mulkin ƙasar. Yadda aikin yake, mai karɓar haraji yakan biya hukuma abin da aka yanka, duk abin da ya tatsa a sama nasa ne. Shi ya sa ya yi arziki, shi ya sa kuma garin duka ya tsane shi. Ku lura da yadda abin ya jeru. Yesu bai ce masa ya fara maida kuɗɗin mutane sannan ya sauka gidansa ba. Ya kira shi da suna, ya shiga gidansa, ya ci abincinsa, alhali ko dala bai maida ba tukuna. Alheri ne ya fara zuwa, babu sharaɗi. Mutanen gari har suka yi ta gunaguni.

Sai mi ya biyo baya? Mutumin ya miƙe a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, kuma duk wanda ya cuta zai maida masa ninki huɗu. Shari'ar Musa, ga wanda ya zo da kansa ya amsa laifin cin amana, abin da ta nema shi ne ya maida uwar kuɗɗi ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Mu kawo shi lissafin gida. In ka cuci mutum jaka 10, shari'a ta ce ka kawo jaka 12. Zakka ya kawo jaka 40. Masu cewa mun fita daga shari'a mun shiga alheri, ga lissafin nan a gabanku. Wanda alheri ya kama ya biya fiye da wanda shari'a ta kama, kuma babu ɗan sanda a bayansa. Bayan wannan magana ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan. Ba kuɗɗin ne suka sayi ceton ba, su ne suka nuna wa mutanen Yariko cewa wani abu ya faru da gaske a cikin gidan can. In da Zakka ya fito yana waƙa kawai, gwauruwar da ya ƙwace wa akuya da mi za ta gane ya tuba?

Ga inda nake ganin mun fi ruɗewa. Yafewa haƙƙin mai kaya ne, ba haƙƙin wanda ake bi ba. Ba ka da ikon yafe wa kanka kuɗɗin wani. Allah ya yafe maka zunubin ƙaryar da ka yi wa tela, na yarda, in ka tuba. Amma zaren da ya saya, da darare uku da ya kwana bisa keke, da kuɗɗin lakwal na ɗiyarsa da yake jira, waɗannan suna nan a wuyanka har ka biya ko shi ya ce ya bari. Ƴan'uwanmu Musulmi suna rarrabe haƙƙin Allah da haƙƙin ɗan'adam, kuma duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a unguwa ya ji ana shela cewa mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Mu ma koyarwar tana cikin littafinmu. A Matiyu sura ta 5 Yesu ya umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon a gaban bagade ya je su shirya tukuna. Wato sulhu da wanda ka cuta ya riga kwandon baiko. Ban sani ba ko akwai faston da zai yi ƙarfin halin tsayar da kwando ran Lahadi ya ce duk mai kuɗɗin wani a aljihu ya fita ya kai. Ranar dai baiko zai ragu, amma kasuwa za ta ji labari.

Mu Kiristan ƙasar nan mun san yafewa, ba a baki kaɗai ba. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, an ƙona majami'u da dama, an rasa rayuka, a tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, abin da babu hannunmu a ciki. Shugabannin ikilisiyoyi suka fito suka ce sun yafe. Kuma kada a manta, akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu a ranakun. Ban tono wannan don fama tsohon miki ba. Na kawo shi ne don a ga yadda alheri yake tafiya in ya shiga hannun mutum: wanda aka cuta ne ya buɗe baki ya ce na bari, kuma shi ya ɗauki asarar. Abin kunya ne a ce jama'ar da ta iya yafe toka da garwashi ta kasa biyan kuɗɗin tiya uku ta hatsi.

To, kada masu bin bashi su ce yau na tsaya musu. Ku ma akwai naku. A Matiyu 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000. Talanti guda dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladar ɗan ƙwadago ce ta yini guda, sai ku lissafa, ladar yini miliyan 60 ke nan, bashin da ko jikokin jikokinsa ba za su gama biya ba. Fitowarsa ke da wuya ya ci karo da abokin aikinsa da yake bi dinari 100, ladar wata uku da ƴan kwanaki, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Ƙarshensa bai yi kyau ba. Wannan misalin naka ne, kai mai rumbu da kake ba da buhu guda a tsakiyar damina, lokacin da gidaje ba su da ko na kunu, ka ce da kaka a kawo maka biyu. Naki ne, ke madam da ƴar aiki take miki wanki da shara tun asuba, wata ya ƙare ki ce ta yi haƙuri albashi bai fito ba, alhali an ga sabon leshi a jikinki ran Lahadi. Yaƙub a sura ta 5 ya ce ladar ma'aikaci da aka danne tana da murya, kuma kukan yana isa kunnen Ubangiji. Har ikilisiyoyin da suke barin fastonsu na ƙauye wata da watanni babu ko sisi, suna ce masa ya dogara ga Allah, su ma su duba.

Akwai bambanci tsakanin wanda ya kasa da wanda ya ƙi, kuma duk mai hankali ya san shi. Shekarun nan an sha wuya. Iyaka ta rufe, kaya sun yi tsada, ambaliya ta ci gonaki da gidaje, mutane masu mutunci da yawa sun faɗa bashin da ba su so ba. Ba da su nake ba. Wanda ya kasa, ƙafarsa ba ta ɗaukewa daga ƙofar mai kaya. Yana zuwa ya ce ga halin da nake ciki, ga dala ɗari, ka rage, saura in an sayar da albasa. Irin wannan ko bai gama biya ba mutuncinsa yana nan, kuma shi ne ya kamata ikilisiya ta tallafa. Bulus ya nuna yadda ake yi a ƴar gajeruwar wasiƙarsa zuwa ga Filimon. Da yake roƙon a karɓi Onisimus, bawan da ya gudu, bai ce a manta da asarar ba don an zama ƴan'uwa. Cewa ya yi a rubuta bashin a kansa, shi zai biya. Kullum in ka ga an yafe, to wani ne ya ɗauki kayan. Mu da muke wa'azin gicciye bai kamata a tuna mana wannan ba.

Daga bashi sai aiki, don tushensu ɗaya. Yanzu akwai wa'azin da yake shigo mana ta waya da talabijin, mai cewa ka shuka kuɗɗi a hannun bawan Allah, ka kwana bakwai kana addu'a, buɗi zai zo. Saurayi mai ƙarfi ya bar garka, ya bar koyon sana'a, yana jiran mu'ujiza, ran da yunwa ta kama shi sai shagon maƙwabci. A Tasalonika ma an yi irinsu, waɗanda suka ajiye aiki suna yawo gida-gida suna ci daga hannun ƴan'uwa. Bulus, wanda da hannunsa yake ɗinkin tanti don kada ya nauyaya wa kowa, ya yanke musu hukunci mai tsauri, ya ce wanda ya ƙi aiki kada a ciyar da shi. Wanda ya ƙi, ba wanda ya nema ya rasa ba.

Mu mutanen Maraɗi muna da misali a gonakinmu. A farkon shekarun 1980 ƙasar nan ta yi fayau, iska tana kwashe shuka, dashen itatuwa kuma yawanci ba ya kamawa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon itatuwa ne da kututturansu da saiwoyinsu suke raye a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara abin da muke kira sassaben zamani: ka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ka datse sauran, ka kare su. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka shiga aikin, daga baya manoma da kansu suka yaɗa shi ƙauye zuwa ƙauye, Musulmi ne mafi yawansu. Yau ana ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Saiwar nan babu wanda ya dasa ta, babu wanda ya saye ta, tana nan tun kafin a haifi mai gonar. Kyauta ce tsantsa. Amma shekara nawa ta yi a ƙasa ba ta zama inuwa ba? Gonar da mai ita ya fito da wuƙa ya yi gyara, ya hana awaki, ita ta yi gawo da kalgo. Ta maƙwabcinsa mai jiran ikon Allah daga kan tabarma tana nan fili, alhali saiwa ɗaya ce a ƙarƙashinsu.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce, don an sha faɗa mini. Zai ce wannan ai komawa ce ga ceto ta wurin ayyuka, kana ɗora wa mutane kayan da Almasihu ya sauke. Tsoronsa yana da tushe, ban raina shi ba. Akwai ikilisiyoyin da suka zama kotu, inda ake auna tsawon zane da yawan zakka, mai rauni ya shigo da nauyi ya fita da wanda ya fi shi. Wannan ma ɓata ne. Amma dubi bambancin. Ɗan ƙwadago yana noma don a biya shi, in an hana shi lada ya ajiye hauya. Ɗan gida yana noma gonar ubansa don shi ɗa ne, ba don a maishe shi ɗa ba, kuma ba ranar da zai ce tunda gadona tabbas ne bari in bar gonar ta zama saura. Ba na cewa ka biya tela don Allah ya karɓe ka. Cewa nake tunda ya karɓe ka, mi ya rage da zai sa ka riƙe kuɗɗin tela? Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya yi rubutu a 1937 a kan abin da ya kira alheri mai araha, wato gafara ba tuba, baftisma ba horo. Shi bai tsaya a rubutu ba, gwamnatin Hitler ta rataye shi a watan Afrilu 1945. In mutum irin wannan ya ce muna arahantar da abu mai tsada, ya cancanci a saurare shi.

Sannan mu tuna ko mu nawa ne. Bisa ƙidayar 2012, Kirista ba mu kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. A garuruwa da yawa gidan Kirista ɗaya ne ko biyu a unguwa duka. Maƙwabcinka ba zai taɓa buɗe Romawa ko Afisawa ba, kai yake karantawa. In ka cika alkawari zai ce mutanen nan akwai amana. In ka ci kuɗɗinsa ba zai ce wane ya cuce ni ba, zai ce haka suke. Ba adalci ba ne, amma haka rayuwar ƴan tsiraru take ko'ina a duniya. Sunan kirkin da muke ci yau wasu ne suka tara mana shi. Asibitin Galmi tun 1950 yake karɓar marar lafiya ba a tambayi addininsa ba, haka Danja kusa da Maraɗi, inda aka riƙa wanke miyakun kutare lokacin da danginsu ma suke gudunsu. Tsofaffin malaman asibiti da na lakwal da suka fito daga waɗannan wurare, har yau in an ambace su a ƙauyuka sai ka ji an ce mutum ne mai gaskiya. Jari ne aka bar mana, kuma kowane bashin da aka ci aka murje ido yana zaftare shi.

Fastocinmu da dattawan ikilisiya, da ku iyayenmu na zumuntar mata, roƙona gare ku ƙarami ne. Ga Kirsimeti tafe, an fara yankan anko, an fara tara kuɗɗin shinkafa da na sa. Kafin a karanta sanarwar anko, a ware Lahadi guda a yi wa'azi a kan Zakka, ba na yara ba, na manya, da lissafinsa. A ce wa jama'a kowa ya je gida ya rubuta sunayen waɗanda suke binsa, ya taka ƙafa ya same su kafin ranar 25, da kuɗɗi ko da magana ta gaskiya. Wanda nasa ya fi ƙarfinsa da gaske ya samu dattawa biyu a asirce, ba a gaban taro ba, a duba abin da asusun taimako zai iya ɗauka, a raka shi wurin mai kaya a tsara biya kaɗan-kaɗan. Masu bin ƴan'uwa kuma a tambaye su wane ne cikin masu riƙe da kuɗɗinsu ya kamata su sake shi bana. In kuɗɗin anko da na tela suka yi karo a aljihu ɗaya, a sa tsohon zane a je sujada, ba wanda aka taɓa kora daga majami'a don ya maimaita kayan bara.

Sai mun ji daga gare ku a ƙasa, musamman masu shago da teloli, ku da littafin yake hannunku.